Flour da flower, knight da night: shin asalinsu ɗaya ne?

Ɗalibin Kolon:
Assalamu alaikum. Ina koyon Jamusanci a birnin Kolon na ƙasar Jamus, kuma akwai wata 'yar ƙasar Tailan a ajinmu wadda muke bitar darasi tare da Turanci, tunda shi ne harshen da ya haɗa mu. Makon jiya ta ce za ta sayi flour, ni kuwa na kai ta rumfar mai furanni da ke bakin tashar jirgin ƙasa, alhali garin alkama take nufi. Shin flour da flower, da kuma knight da night, tushensu ɗaya ne, ko kuwa furuci ne kawai ya haɗa su?

Malam Mai Ƙamus:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ji kunya, domin mu ma da muka aro kalmar mun ce fulawa ga ta burodi, muka kuma ce fulawa ga wadda ake shukawa a ƙofar gida. Waɗannan biyun kalma ɗaya ce tun asali. Ta fito daga flos ta Latin, ta biyo ta tsohon Faransanci, sannan ta shiga Turanci bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066. Masu niƙa suna kiran mafi laushin gari, wanda ya fita daga rariya bayan an tankaɗe dusa, furen alkama, wato zaɓaɓɓen abin da ke cikinta. Har a ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755, rubutu ɗaya ne, flower, yake ɗauke da ma'anonin biyu, sai daga baya aka raba su.

Jamusanci bai san wannan rikici ba, tunda gari Mehl ne, fure kuwa Blume. Abin da ya fi burge ni shi ne Mehl 'yar'uwar meal ce ta Turanci mai ma'anar niƙaƙƙen hatsi, amma meal ɗin da ake nufin cin abinci wata kalma ce dabam, wadda 'yar'uwarta a Jamusanci ita ce Mahl. Turanci ya narkar da kalmomi biyu a rubutu guda, Jamusanci kuwa ya bar kowace da wasalinta.

Malama Uwar Ɗalibai:
Malam ya gama da ta farko, bari in ɗauki ta biyu. Knight, wato jarumin doki, da night, wato dare, ba su haɗa komai ba. A tsohon Turanci niht dare ne, cniht kuwa yaro ne ko bara, kuma a da ana furta baƙin k ɗin nan na farkon knight sarai, sai wajen ƙarni na 17 ya faɗi daga bakin mutane ya tsaya a rubutu kawai. Idan ka saurari Jamusawan da kake zaune cikinsu za ka ji tsohon bambancin da kunnenka, domin suna cewa Nacht da Knecht. Sai dai Knecht ta tsaya a matsayin bara ko ɗan ƙodagon gona, ita kuwa knight ta samu ɗaukaka a Ingila har ta zama sarauta. Jarumin doki, irin wanda mu za mu kira barde, Ritter ne a Jamusanci, wato mahayi.

Tsohon Ɗan Kasuwar Bankok:
Malama, a ba ni dama in cike ɓangaren Tailan. Gari paeng ne, fure dok mai, dare kuma klang khuen. Barde atsawin ne, kalmar da suka aro daga Sanskrit, tsohon harshen Indiya, inda ashwa ke nufin doki, don haka su da Jamusawa duk ta doki suka sa masa suna. Amma ka gaya wa abokiyar karatunka kada ta yi maka dariya da yawa, domin harshensu karin sauti biyar gare shi, kuma khao kan zama shinkafa, ko fari, ko labari, gwargwadon yadda muryarka ta hau ko ta sauka. Na daɗe ina neman shinkafa a kasuwa ana kallona kamar mai tambayar labarin gari.

Ɗalibin Kolon:
Na gode, malamai. Na nuna mata amsoshin, sai ta tambaye ni yadda ake cewa flour da Hausa. Da na rubuta mata gari, na kuma ce haka ake rubuta garin da mutane ke zama, bambancin kawai tsawon wasalin farko ne, sai ta ce gobe da safe in zo mata da misalai biyar.