Muhawara: Wa ya kawo silima ƙasar nan, Gwamna ko ɗan kasuwa?

Ɗan Kawo: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya a wajen ɗaurin aure a Unguwar Sarki muka yi gardama da wani abokina. Na ce masa Turawan mulki ne suka shigo da silima ƙasar nan da gangan, don su juya mana tunani, mu riƙa ganin komai nasu ya fi namu. Ya ce ban san tarihi ba. Ni dai har yanzu ina kan bakana. Iyayenmu da ke nan, ku raba mu.

Baba na Reluwe: Wa alaikumus salam ɗana. Gaskiyarka. Ni da idona na gani, ba labari aka ba ni ba. Ina yaro a ƙauyenmu, kafin mu dawo Kaduna, motar majigi takan zo bayan la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi, a tada inji, a jira duhu. Sai mai fassara ya ɗauki lasifika yana gaya mana abin da za mu fahimta. A nuna yadda ake haƙa masai, yadda ake shuka auduga a layi, a nuna Sarauniya da hawan dabar da aka yi mata a nan Kaduna a 1956. Ko kwabo ba a karɓa. To wa zai ɗauko mota da inji da ma'aikata ya zo har ƙauye kyauta, in ba akwai abin da yake so a wajenka ba?

Malama daga Tudun Wada: Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da ka gani gaskiya ne, babu mai ja. Amma tambayar ɗan'uwanmu ita ce wa ya fara kawowa, kuma a nan ne nake ganin ya kauce. An fara nuna hoto mai motsi a ƙasar nan ne a Legas, a watan Agusta na 1903, a zauren Glover Memorial Hall da ke kusa da Marina. Wani kamfanin 'yan Sifen mai suna Balboa ne ya zo da injin, wanda ya gayyace su kuwa Herbert Macaulay ne. Macaulay ɗin nan dai da aka sa hotonsa a kan naira ɗaya, wanda ya kafa jam'iyyar NNDP a 1923, wanda ya zame wa Turawan Legas ƙashin kifi a wuya. Kuɗi aka biya aka shiga. Harka ce ta kasuwa. Shekara takwas kacal ke nan bayan 'yan'uwan nan Faransawa, Lumiya, sun fara nuna nasu a Faris a 1895.

Ɗan Kawo: Malama, ai zauren da kika ambata sunan Gwamna ne a kansa.

Malama daga Tudun Wada: Haka ne, John Glover, gwamnan Legas na shekarun 1860. Shi ne ma ya tara Hausawa ya yi rundunar da ake kira Hausawan Glover, wadda daga ita sojan ƙasar nan ya samo asali. Amma bayan ya mutu ne aka gina zauren don tunawa da shi, ya zama wurin taron mutanen gari: lacca, kiɗa, wasan kwaikwayo, taron siyasa. Sunan da ke jikin bango ba ya gaya maka wanda ya kama haya a daren.

Hajiya Mai Atamfa: Ni a matsayina na wadda ta yi shekara da shekaru tana saro kaya a Ikko, maganar Malama ta fi shiga kaina. Garin bakin teku haka yake. Duk abin da jirgin ruwa ya sauke, akwai mai jiran ya juya shi ya zama kuɗi. Atamfa, gishiri, kananzir, garmaho, duk ta nan suka bi. Me zai sa injin hoto ya zama daban?

Baba na Reluwe: Hajiya, to amma ki tsaya ki dubi shekarar. 1903 fa aka ce. A Fabrairun shekarar aka ci Kano, a Maris aka ci Sakkwato, a ƙarshen Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi tare da ɗimbin jama'arsa. Wato jinin Burmi bai gama bushewa ba mutanen Ikko suka sa kwat suka tafi kallon hoto. Kaduna ma babu ita a lokacin, sai a 1917 aka dawo da hedkwata nan daga Zungeru. Ni wannan abin yana taɓa ni ƙwarai. Ko da ɗan ƙasa ne ya gayyato mai injin, a ƙarƙashin tutar wa aka yi? Jirgin wa ya ɗauko shi? Hotunan da aka nuna, na wa ne?

Malama daga Tudun Wada: Wallahi Baba ban taɓa jera kwanakin nan kusa da juna haka ba, kuma jikina ya yi sanyi da na karanta. Na kuma yarda yawancin abin da aka nuna daga Turai ya zo. Sai dai ka ji abin da ya fi jan jama'a a farkon nan: a 1904 Alake, sarkin Abekuta, ya kai ziyara Ingila, aka ɗauki hotonsa, aka kawo aka nuna a Legas, mutane suka yi cincirindo. Nasu suka je gani. Mai saye yana da bakin magana a kan abin da za a sayar masa, ko a ƙarƙashin tutar wa yake.

Ɗalibi daga Kakuri: Iyayena, ku ba ni dama in sa baki. Ina ganin abu biyu muke haɗawa a tukunya ɗaya. Akwai silima, akwai majigi, kuma Bahaushe da kansa ya raba musu suna. Majigin da Baba ya gani yana da asali sananne. A shekarun 1920 annoba ta ɓarke a Legas, irin wadda ɓeraye ke yaɗawa. Wani jami'in kiwon lafiya, William Sellers, ya fara amfani da fim yana nuna wa mutane yadda cutar ke bi. Daga nan aka ga abin yana aiki, har aka kafa sashen fim na ƙasashen mulkin mallaka a 1939, shi aka ba shugabanci, daidai lokacin da yaƙin Hitila ya tashi ana neman soja da goyon baya. Wannan kam na Gwamna ne tsantsa. Kuma Sellers ɗin yana da ra'ayin cewa ɗan Afirka ba zai gane fim mai saurin canza hoto ba, sai an yi masa a hankali kamar yaro. Wannan raini ne, ba shi da wani suna. Amma tsakanin 1903 da 1939 akwai shekara talatin da shida. Ba zai yiwu na 1939 ya haifi na 1903 ba.

Ɗan Kawo: To ai ka ba ni rabin gaskiya ke nan.

Ɗalibi daga Kakuri: Na ba ka majigi, Yaya. Silima ban ba ka ba. Gidajen silima na dindindin da suka bazu a shekarun 1930, irin su Rex da Regal da Royal a Legas, 'yan kasuwa ne suka gina, yawanci Kwarori. Na Kano ma haka, Rex a 1937, a wajen ganuwa. Kuma da a ce gwamnati ta natsu da abin, da ba ta yi dokar tace fina-finai a 1933 ba. Tsoro suke ji kada talaka ya ga Bature yana sata ko yana shan duka a fim ɗin Amurka, kwarjinin ya zube.

Hajiya Mai Atamfa: Ga kuma fim ɗin Indiya. Wane Gwamna ne ya ce mu so shi? Kwarori suka gwada a shekarun 1950, suka ga Hausawa sun rungume shi fiye da na Ingila, suka ci gaba da kawowa. Da juya tunani ne kawai, da yanzu 'ya'yanmu waƙar Landan suke kwaikwaya a fim ɗin Hausa.

Baba na Reluwe: Na ji ku duka. Na yarda ɗan kasuwa ya riga Gwamna a Ikko. Amma kada ku manta mu nan Arewa ba a bakin teku muke ba. Abin da ya same mu ta dogo ya biyo, bayan jirgi ya isa Kano a 1911. Ya sauka a Sabon Gari, inda ake sayar da giya, shi ya sa iyayenmu suka kira shi dodon bango, malamai suka ce ɗan mutunci ba ya zuwa. Da gidan El Duniya ya ƙone a Kano a 1951, mutum sama da ɗari uku suka rasu, mutane da yawa cewa suka yi hukunci ne. Majigi kuwa a ƙofar fada ake yin sa, mata da yara kowa ya fito, babu mai zargin kowa. To ka ga wanda ya shiga gidajenmu da izinin sarki shi ne na Gwamna. Mutumin ƙauye irina bai san Balboa ba, bai san Macaulay ya taɓa gayyato mai inji ba. Motar En'e ya sani.

Malama daga Tudun Wada: A kan wannan ba ni da ja, Baba. Abin da nake roƙo kawai shi ne kada mu ƙwace wa mutanen Legas abin da suka yi da hannunsu. A zauren Glover ɗin nan ne Hubert Ogunde, mai wasan kwaikwayo na Yarbawa, yana ɗan sanda, ya fara fitowa da wasansa a 1944, daga baya ya ajiye kaki ya riƙa yin wasannin da suka dami Turawa har suna hana shi. Mu ma muna da tashe da 'yan kama da wasan gauta tun kafin a san inji, kuma da aka buɗe gidan talabijin a Kaduna a 1962, daga cikin wannan jinin aka samu irin su Samanja da Ƙasimu Yero.

Ɗan Kawo: Zan koma wajen abokin nawa in ce masa a kan 1903 ya fi ni gaskiya. Amma maganar majigi ba zan saki ba. Baba, in Allah ya kai mu Asabar zan zo gida da rakoda, ina so ka ba ni labarin motar nan tun daga isowarta har a naɗe ƙyalle.

Baba na Reluwe: Ka zo bayan la'asar, ɗana. Ka taho da ɗalibin nan na Kakuri, ina da tambaya a kan Sellers ɗin da ya ambata.