Wai ni ne mai ƙiba? Daga zauren ɗalibanmu na Madina

Bakatsine: Salamu alaikum 'yan uwa. Yau raina a ɓace yake. Wani mai bincike ya raba mana takardar tambayoyi: sau nawa kake shan lemun gwangwani a mako, kana karin kumallo ko a'a, ƙarfe nawa kake cin abincin dare. Ya ɗora ni a sikeli, kilo 92, tsawona mita 1.72. Ya ce lissafin BMI ɗina, wato ma'aunin da ke kwatanta nauyi da tsawo, 31 ne, kuma daga 30 mutum ya shiga sahun masu ƙiba. Fisabilillahi, wa ke tuna abin da ya ci makon jiya, balle a yanke masa hukunci da shi?

Bakano: Ƙiba ai ba zagi ba ce, Malam. Da teɓa ya ce, sai mu taya ka fushi.

Badamagare: Ina bambancin? A wajenmu duk ɗaya ne.

Bakano: Haba ɗan uwa! Ƙiba jiki ne ya murje saboda kwanciyar hankali. Teɓa kitse ne ya taru har tumbi ya zazzago.

Basakkwace: Balarabe "sumna" yake cewa. Ku ne kuka zaɓi fassarar da ta yi muku daɗi.

Bakano: Ko me aka kira ta, mun san tushenta. Kabsa, shinkafar Larabawa da nama, bayan isha'i, shawarma ƙarfe ɗayan dare. A 2017 Saudiyya ta sa harajin kashi 50 cikin ɗari a kan lemun gwangwani, kashi 100 a kan na ƙara kuzari, amma firjinku a cike yake.

Badamagare: Kada ka ɗora wa kabsa laifi. Tuwon shinkafar da kuke tuƙawa ranar Juma'a ba shinkafa ba ce? Mu da muka tashi da fura ba mu san tumbi ba.

Bakano: Furar da kuke zuba wa sukari cokali huɗu?

Badamagare: Wa ya faɗa maka? Janye maganarka, ka taɓa mutanen Damagaram gaba ɗaya.

Basakkwace: Gaskiyarsa. Kanawa kullum ku ne masu sani.

Bakatsine: Jama'a, tambayata fa? Takardar nan ma'auni ce ko a'a?

Shugaban zaure: Na karanta duka. Bakano ne kaɗai ya kawo hujja da shekara, sauran zafin rai ne. An tsaya a kan cewa ƙiba daban, teɓa daban, kuma tuwo ba shi da laifi. Malam Bakatsine, ka rage shawarmar dare. Na rufe zaure sai bayan asuba.