Surukina ɗan Chana ya daina cin abinci, kullum cewa yake a mayar da shi gida, ku ba ni shawara

Abu Yusra, Kanada

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, kaina ne ya kulle. Ni ɗan Zariya ne, na yi karatun injiniya a Shenyang, can arewa maso gabashin Chana, a nan na haɗu da matata, ta musulunta kafin aurenmu, iyayenta ba su musulunta ba amma wallahi ba su taɓa nuna min ƙyama ba. Babanta ma'aikacin masana'anta ne a unguwar Tiexi, yana cikin waɗanda aka sallama lokacin da gwamnati ta dinga rufe kamfanoninta a ƙarshen shekarun 1990, da gyaran keke a bakin titi ya biya mata makaranta har jami'a, ita kuma mamanta tana saida abinci, har ni na ci arzikin hannunta lokacin ina ɗalibi ba ni da ko sisi. Matata ita kaɗai ce a wurinsu saboda dokar haihuwar ɗa ɗaya, ba wa ba ƙani. Daga baya muka koma Kanada, muna wani ƙaramin gari gabas da Toronto, yaranmu biyu. Maman ta rasu a 2022, ciwon daji, sai muka ɗauko Baba a 2023 don ba zai yiwu ya zauna shi kaɗai a hawa na shida ba lifta ba.

Da farko lafiya lau, yana girki, yana kai Yusra makaranta, har ya yi shukar kokwamba da albasa a bayan gida. Yanzu shekararsa 74 kuma komai ya canza. Abinci sai ya yi loma biyu ya ture, ya rame har wandunansa suna zamewa, ƙarfe uku na dare sai ka same shi zaune a falo cikin duhu, yau ƙirji ya yi nauyi, gobe jiri, jibi baya. An yi gwajin jini likita ya ce ba sabon abu sai hawan jininsa da matsalar bugun zuciya da dama yake da ita. Shi kuma magana ɗaya ce, a saya masa tikiti. Matata kullum kuka. In ya koma wurin wa zai koma? In ya zauna kuma muna kallo yana ƙarewa. Me zan yi?

Alhaji Sani Kwari

Wa alaikumus salam. Malam ka saurare ni da kyau, tun 2006 nake zirga-zirgar Guangzhou, mutanen nan na san su ciki da waje. Ka saya masa tikiti kawai. Tsohon Chana ba a ɗaki yake rayuwa ba, a waje yake. Ka fita da asuba ka ga lambun shaƙatawa cike da tsofaffi suna motsa jiki, da yamma mata sun jera a fili suna rawa da lasifika, maza sun kewaye tebur suna karta da darar su ta Chana ana ta musu, wani ya riƙo kejin tsuntsunsa. Kai ka ɗauko shi ka kulle a gidan da maƙwabci ma ba ya gaida maƙwabci, ga sanyin Kanada, ai dole ya rame. An cire kifi daga ruwa ne, ba wani ciwo. Ka mayar da shi, wata ɗaya zai murmure.

Abu Yusra

Na gode Alhaji, amma maganar sanyi ba ita ba ce, Shenyang ta fi Toronto sanyi, shi ne ma yake mana dariya in muka saka riguna uku. Kuma ba kulle shi muka yi ba, yana da makulli.

Maman Hanif, Ingila

Allah sarki, wallahi ina karantawa ina hawaye don Hajiyata na tuna. Na kawo ta nan da na haihu, matar da a Katsina gidanta ba ya rabo da mutane, biki, suna, gaisuwar mutuwa, ta zo nan ta zama sai kallon taga. Da ta koma kuma sai 'yan uwana maza suka ce ni na jawo mata ciwo, alhali ko paracetamol ba wanda ya taɓa saya mata, su huɗu fa a gari ɗaya da ita, ni da nake ƙasar waje ni ce mai biyan asibiti ni ce mai biyan 'yar aiki, in na yi magana a ce na yi kuɗi na raina mutane. Matarka ma ta gode Allah ba ta da 'yan uwan da za su ci mata fuska. Ni dai kar ka mayar da shi, in wani abu ya same shi shi kaɗai matarka ba za ta yafe maka ba har abada.

Anti Hadiza nas, Scarborough

Ɗan uwa akwai abubuwan da ba ka faɗa ba. Da wace biza yake zaune? Waɗanne magunguna yake sha, har da na gargajiya? Waye yake masa tafinta a wurin likita? Kuma me ya faru daidai lokacin da ya fara canzawa?

Ina tambaya ne don a unguwar nan rabin tsofaffin da nake dubawa 'yan Chana ne, kuma abin da na lura shi ne da wuya tsohonsu ya buɗe baki ya ce ina cikin baƙin ciki, abin kunya ne a wurinsu, sai dai ya ce ƙirji, jiri, rashin barci, kasala. Abin da ka lissafa, mutumin da matarsa ta rasu, yana tashi tsakar dare, ba ya ci, ya yi kama da ciwon damuwa sosai, kuma yana da magani. Amma rama a shekara 74 ba a barinta a kan damuwa kawai. A duba cikinsa, ciwon dajin ciki ya fi yawa a mutanen gabashin Asiya, a yi gwajin ciwon hanta nau'in B don yana da yawa a 'yan zamaninsa, in yana shan taba a ɗauki hoton ƙirji. Gwajin jini na yau da kullum ba ya nuna duk wannan.

Abu Yusra

Na gode Anti. Super Visa ce, wadda ake ba iyaye, yana iya zama har shekara 5 a shiga ɗaya amma ba shi da katin OHIP, wato inshorar lafiya ta gwamnatin lardin Ontario, inshora muke saya duk shekara wadda za ta iya biyan har dala 100,000 kamar yadda doka ta ce, ita kuma sai larurar gaggawa take biya, ganin likita da gwaje-gwajen nan daga aljihuna suke fita. Zama na dindindin kuwa ba mu cike fom ɗin neman ɗauko iyaye na 2020 ba don lokacin Mama tana da rai, kuma daga cikin waɗanda suka cike shi aka dinga zaɓa. Yana shan warfarin, maganin tsinka jini, da maganin hawan jini, sai wasu saiwoyi da yake dafawa, abokansa na manhajar hira ta WeChat suka ba shi shawara, ban san sunansu ba. Taba ya sha shekaru amma na hana a gidana. Matata ce ke tafinta.

Lokacin da ya fara kuwa, farkon Afrilu ne, ranar da suke zuwa share kaburbura, Qingming. Na dawo aiki na tarar ya aje hoton Mama a bayan gida da abinci a faranti yana ƙona wasu takardu a gwangwani kamar yadda suke yi wa mamatansu, Yusra tana tsaye tana taya shi. Na ce masa cikin ladabi wannan ba zai yiwu a gidana ba. Bai ce komai ba ya kwashe. Amma ni ban ga alaƙar wannan da rashin cin abinci ba.

Anti Hadiza nas

Saiwoyin nan ka ɗauke su ka kai wa mai kemis ko likita gobe-goben nan. Akwai danshen da dong quai da suke yawan sha don zuciya da jini, in suka haɗu da warfarin jini yana tsinkewa fiye da ƙima, mutum na iya zubar da jini a ciki bai sani ba. Ka tambayi matarka ko bahayarsa ta koma baƙa. Na biyu a nemi tafinta wanda ba ɗan gida ba, uba ba zai faɗi a gaban 'yarsa tilo cewa ya gaji da rayuwa ba. Akwai Hong Fook a Toronto, tun 1982 suke aikin lafiyar ƙwaƙwalwa da mutanen Asiya, suna da masu jin Mandarin, wato yarensa. Akwai Carefirst da Yee Hong, suna da shirye-shiryen tsofaffi na rana, ka kira ka ji wanne ne mai bizarsa zai iya shiga. Gidan kwana na tsofaffi kam sai da OHIP, ka cire shi a lissafi.

Ustaz Abu Ammar

Abin da ka yi na hana ƙona takarda daidai ne, musamman da yarinya a wurin, gidanka amanarka ce. Amma ka tuna aya ta 15 a Suratu Luqman, ko iyaye sun kira ka zuwa shirka kar ka bi su amma ka zauna da su da kyautatawa a duniya. Asma'u 'yar Abubakar ma Annabi (SAW) ya umarce ta da sada zumunci da mahaifiyarta alhali ba ta musulunta ba. Wannan haƙƙi ne a kan matarka, kai kuma ka taimaka mata. Ka riƙe shi kusa, ka dinga tafiya da shi masallacin Juma'a ya ga mutane, wataƙila Allah ya kawo shi ne don ya shiryu ta hannunka.

Alhaji Sani Kwari

To ka ji! Ai ga maganata ta fito. Ka hana shi taba, na tabbata ka hana alade da giyarsu mai ƙarfin nan, ka hana shi gaida matarsa a ranar da duk Chana ake hutu dominta, me ya rage masa? Ban ce ka yi laifi ba, addini ya fi komai, amma shi ya sa zaman ba zai yiwu ba. A can yana da fanshonsa, inshorar lafiyarsa ta tsofaffin ma'aikata a can take aiki, zai ga likita da yarensa, a yi masa duk hotunan da nas take lissafawa cikin kwana biyu a kuɗi kaɗan. Ku ɗaukar masa mai aiki, ko ma a yi masa aure, zawarawa tsofaffi sun cika ƙasar, ƙidayar 2020 ta nuna masu shekara 60 zuwa sama sun kai miliyan 264. Maganar ciwon damuwa kuma, da girmamawa Anti, wannan na Turawa ne. Kewar gida ce.

Maman Hanif

Alhaji mai aiki ba 'ya ba ce. Ni na ɗauki uku, ta ƙarshe har zoben Hajiya ta sace.

Ummu Sadiq

Ni tambayata ɗaya ce kuma kar ka ji haushi. Kai kana aiki, madam tana aiki, waye yake riƙe ƙaramin yaron daga safe zuwa yamma? Don na ga ka ce yana girki yana kai yarinya makaranta. Haka mijina ya yi da mahaifiyarsa, aka ce an kawo ta ta huta ashe raino aka kawo ta, ni ce kuma aka zaga a dangi.

Abu Yusra

Shi yake riƙe shi amma wallahi shi ya ce kar a kai yaron gidan raino, a al'adarsu kakanni ke rainon jikoki, in ka hana shi ma sai ya ji kamar ba shi da amfani. Kuma kun san kuɗin raino a nan. Masu cewa Hong Fook da Yee Hong, kusan awa ɗaya ne a mota daga gidanmu, ba ya tuƙi, ba ya jin Turanci ko na karanta lambar bas, komawa Markham ko Scarborough, inda 'yan Chana suke da yawa, kuma kuɗin gida ya fi ƙarfina. Ran Asabar muna kai shi Pacific Mall ya yi cefane, yawancin tsofaffin da yake haɗuwa da su Cantonese suke yi, yaren kudancin Chana, shi kuma ba ya ji. Abokansa na gida in nan dare ne can rana, tazarar awa 12, ina jin ma shi ya sa yake tashi da dare, ba wai wani ciwo ba. Alhaji alade kam ba zai shigo gidana ba, amma ina saya masa rago da kifi da komai. Ni ban ga inda na gaza ba.

Alhaji Sani Kwari

Ba wanda ya ce ka gaza. Ka dai saya tikitin. In matarka na tsoro ta raka shi ta yi wata biyu ta daidaita shi, dama tun 2013 dokar Chana ta wajabta wa 'ya'ya ziyartar iyayensu tsofaffi, sai ta dinga zuwa duk shekara. Ni na gama magana.

Anti Hadiza nas

Ciwon damuwa ba na Turawa ba ne Alhaji, na ga ya kwantar da tsofaffin Chana na ga ya kwantar da namu. Abu Yusra, in wayar yake yi da abokai da dare ai ba za ka same shi zaune cikin duhu ba. Ko zai tafi ko zai zauna, mutumin da ke shan warfarin da saiwoyin da ba a sani ba, yana rama yana jiri, ba a ɗora shi a doguwar tafiyar jirgi sai likita ya sake duba shi. Kuma a samu mai jin yarensa ya tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin mutuwa. In ya amsa da e, 988 ake kira a Kanada, layin agajin masu tunanin kashe kansu. Ka kai saiwoyin?

Abu Yusra

Ban kai ba tukuna Anti, ya ɓoye su da ya ji muna maganar, kuma matata ta ce in aka yi masa waccan tambayar zai ɗauka muna cewa ya haukace, ba zai sake mana magana ba. Ita yanzu tana cewa mu je gaba ɗaya hutun bazara ya ga kabarin sai mu dawo da shi, ni kuma na san in ƙafarsa ta taka Shenyang ba zai dawo ba, ga tikitin mutum biyar. Zan dai sake tunani.

Baban Iman

Allah ya ba shi lafiya. Dan Allah Abu Yusra inshorar Super Visa ɗin nawa kake biya a shekara? Tawa mahaifiyar sau biyu ana hana ta biza, ga ciwon suga, ban san ko za su karɓe ta ba.