Kumbo da Aibin Ƙarfe: Musayar Waƙa a Zangon Kumasi

Masta na Suame

Salamu alaikum. Jikana ya nuna mini tashin roka a wayarsa daren jiya, barci ya ƙi zuwa. Ga abin da ya fito.

Da sunan Allah, Mai ƙarfe da wuta,
Na aje masaba, yau waƙa zan ƙera.

A 1957 aka haife ni,
Shekarar da Gana daga mulkin Turawa ta tsira.

Ashe a shekarar nan, watan Oktoba,
Rasha ta harba kumbon Sputnik yana ta ƙara.

Sa'ana ne, shi ya yi suna a sama,
Ni sifirin ɗin mota nake ta gyara.

Tambayata biyu ce, ku masu boko,
Kada wanda ya ba ni amsar yara.

Abu ba fiffike, ba igiya, ba turke,
Me ya hana shi faɗowa cikin karkara?

Ta biyu ta sana'a ce: ƙarfenmu na nan,
Ka lanƙwasa sau goma, ya tsage, ka yi asara.

Nasu kuwa lalle tsarkakakke ne tas,
Ba gami, ba tabo, ba aibin da ya yi saura.

Direban Trotro (motar haya), Aboabo

Masta, barka da dare, na ji kiranka,
Ni ma na san inji, bari in faɗi gaskiya.

Hayaƙin kumbo ne ke tokarar iska,
Kamar yadda kwalta ke tokare taya.

Abin da ya dame ni ɗaya ne tak:
Ina gidan mai a tsakar samaniya?

In ya mutu a can, wa zai tura?
Ba yaron mota, ba fasinja, ba igiya.

Ticha, Asawase

Direba, ka kusa, amma ka sauka tun ba a kai tasha ba.

Ba iska roka ke tokara ba, ɗan uwa,
Can sama iskar ma ba ta samuwa.

Ka ga mai tsalle daga kwalekwale a Yeji?
Shi ya yi gaba, jirgin baya yake komawa.

Haka roka ke watsa wuta ta ƙasanta,
Abin da ta jefar shi ke ingiza ta hawa.

Newton ya rubuta dokar a 1687:
Duk turi da ramuwarsa, daidai suke zuwa.

Wuta ba ta ci sai da oksijin,
Sai ta ɗauki tata a tanki, an mai da ita ruwa.

Kusan tara cikin goma na nauyinta mai ne,
Shi ya sa ake gina ta hawa-hawa.

Tankin da ya ƙare ba a tafiya da shi,
Fankon gora nauyi ne, sai yarwa.

Tsiolkovsky, malamin makaranta irina,
Ya buga lissafin a 1903, jirgin sama bai soma tasowa.

To Masta, ga babbar: ba abin da ya riƙe shi,
Kumbon nan da ka gani yana ta faɗowa.

Jefa dutse, zai faɗi can gaba kaɗan,
Ƙara ƙarfi, nisan yana ƙaruwa.

Duniya kuwa ƙwallo ce, a lanƙwashe take,
In gudun ya kai, ƙasa a ƙarƙashinsa take zamewa.

Yana faɗuwa, ita tana kauce masa,
Haka za su yi ta yi, babu haɗuwa.

Gudun kusan kilomita 8 ne a daƙiƙa,
28,000 a awa, in ka iya ƙirgawa.

Tashar sama da ke bisa kilomita 400,
Minti 90 da ɗoriya take zagayowa.

Sau 16 rana ke fito musu a kwana guda,
Sau 16 suna kallonta tana faɗuwa.

Mai son ya bar duniya ɗungurungum,
Sai ya kai kilomita 11.2 a daƙiƙa kafin ya yi sallama da kowa.

Direban Trotro

Kilomita 8 a daƙiƙa! Ticha, ji tsoron Allah,
Kumasi zuwa Akra rabin minti ke nan, ba tsayawa a hanya.

Ni awa biyar nake, in Allah ya taimaka,
In an tsaya burodin Nkawkaw, shida da ɗoriya.

Hajiya Mai Waakye, Sabon Zango

Ticha ɗana, ina jin ku daga bakin murhu,
Akwai inda ban gamsu ba a zancenka.

Na ga 'yan sama jannati na yawo kamar auduga,
In nauyi na nan, me ya sa ba sa sauka?

Kuma an ce mu ma Gana mun taɓa harbawa,
Gaskiya ne, ko dai labari aka girka?

Ticha

Hajiya, jan duniya a can bai ƙare ba,
Kamar ɗaya cikin goma kawai yake raguwa.

Su da ɗakinsu tare suke rikitowa,
Daɓen na gudun ƙafa, ba abin takawa.

Batun Gana gaskiya ne, GhanaSat-1 sunansa,
Yaran jami'ar All Nations ta Koforidua, da taimakon Japanawa.

Kilo ɗaya ne, bai kai tukunyarki ba,
A Yulin 2017 aka sako shi daga tashar, ya shiga kewayawa.

Masta na Suame

Na ji na faɗuwa, ko da yake kaina ya yi zafi,
Amma tambaya ta biyu na zaune tana jira.

Ticha, alli ka sani, ba ka san wuta ba,
A nemo mini wanda ya san maƙera.

'Yar Tek

Baba, ina gaisuwa. Jikar maƙera ce ni ta wajen uwa, karatun ƙarafa nake yi a Tek, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi. In na karya amsa-amo a yi mini afuwa, ban saba ba.

Baba Masta, na durƙusa, ranku ya daɗe,
Ƙaramar 'yarku ce ta zo da amsa.

Ƙarfen da ba aibi da kuke nema,
Ba shi a Suame, ba shi a wajen NASA.

Gishiri, ƙanƙara, zinariya da ƙarfe,
Kiristal ne, kowanne zarra ce jere a cikinsa.

Sahu-sahu kamar masallacin Juma'a,
Kowa kafaɗa da kafaɗa da na kusa.

Aibi na farko giɓi ne: wani ya fita,
Na gefe ya matso, giɓin ya koma bayansa.

Na biyu ɗan kutse, ya cusa kai tsakanin sahu,
Ya takura maƙwabta, don ba wurinsa.

Na uku baƙo ne a gurbin ɗan gari,
Ƙato ko ƙanƙane, a yi haƙuri da girmansa.

Na huɗun shi ne sarki. Ku ɗauko masara,
Ku bi layin ƙwaya daga gindi zuwa bisa.

Wani layin a tsakiya yake ƙarewa,
Na gefe su karkato su rufe bakinsa.

Guntun sahu ke nan, ku riƙe sunan,
Shi ke sa ƙarfe ya yarda a lanƙwasa.

Frenkel a 1926 ya lissafa ƙarfin da za a sa
A zame cikakken sahu gaba ɗayansa.

Da aka gwada ƙarfe tsantsa sai ya ba da kai
Tun turin bai kai ɗaya cikin ɗari na lissafinsa.

Sai 1934 mutum uku suka warware,
Taylor, Orowan, Polanyi, kowa a ɗakinsa.

Doguwar dardumar masallaci, a ja ta gaba ɗaya,
Ƙarti biyu ma sai su ja su kasa.

Amma ku tada ɗan tudu a bakinta, ku tura da ƙafa,
Yaro ma zai kai shi ƙarshe yana wasa.

Tudun ya fita, darduma ta matsa taki guda,
Haka guntun sahu ke ratsa ƙarfe, layi-layi ne tafiyarsa.

Ba a gan shi yana motsi ba sai 1956 a Kambirij,
Da madubin ilektaron, cikin sanholo, aka ɗau hotonsa.

Masta na Suame

'Yata, Allah ya yi albarka, amma tsaya,
Ina gaban wuta tun ina cikin yara.

In aibi ne ke sa ƙarfe laushi,
Me ya sa yake tauri in na buga na ƙara?

Jan ƙarfe in na dake shi a sanyi sai ya ƙi ni,
Sai na mai da shi wuta kafin mu ɗora.

Wannan hannuna ne ya sani, ba boko ba,
Warware mini in kin iya, zan saurara.

'Yar Tek

Baba, mota ɗaya a titin Tek da asuba,
Ba mai tare ta, direba na ta gudunsa.

Ku kai shi kasuwar Kejetia ana gobe Sallah,
Kowa ya toshe wani, ba mai motsa motarsa.

Kowane bugun masaba na haifar guntayen sahu,
Su yi yawa, su sarƙe, kowa ya tare ɗan uwansa.

Cunkoson nan ne taurin da hannunku ya ji,
In aka matsa masa, tsagewa ce ƙarshensa.

Wuta ke ba zarra ƙarfin gyara tsayuwa,
Sahu ya daidaita, laushi ya dawo masa.

Gawayinku ma ba zafi kaɗai yake bayarwa ba,
Kabon ɗinsa ɗan kutse ne, ƙarfe na shan sa.

Bai kai kashi 2 cikin 100 ba, amma yana riƙe guntun sahu,
Yawansa ne ya raba bakin wuƙa da ƙusa.

Zinariyar Obuasi tsantsa, haƙori na shiga,
Sai da jan ƙarfe ko azurfa take zama zobe a yatsa.

Kuma ƙarfe kamar gonaki ne maƙwabta,
Kowace gona da inda kunyarta ta dosa.

Guntun sahu in ya zo iyaka sai ya ja birki,
Yawan iyakoki shi ke ƙara ƙwarinsa.

Hajiya Mai Waakye

'Yar nan, kin ce baƙo, na tuna dutsen zobena,
Ja wur, mai gidan ya kawo mini daga Makka.

Shi ma aibi ne? Ki bi ni a hankali,
In kin ce na banza ne, yau za a ji ni da kuka.

'Yar Tek

Hajiya, in yakutu ne, aibin ne kuɗinsa,
Ba don baƙon kuromiyam ba, da ba launi a jikinsa.

Daiman irin na Akwatia ma, in ya yi ɗorawa,
Naitirojin ne ya zauna gurbin kabon ɗinsa.

Ticha

To 'yar Tek, haɗa mana biyun. Ga tankin roka:
Oksijin sai digiri 183 ƙasa da sifiri yake zama ruwa.

Haidurojin sai 253, harmatan ba ta kama ƙafarsa ba,
Wane ƙarfe ke jure wannan ba fashewa?

'Yar Tek

Baƙin ƙarfe gama-gari in sanyi ya tsananta,
Guntun sahu ya daskare, ya tarwatse kamar kwalba a ƙasa.

Sanholo kuwa, na tukunyar Hajiya, jerinsa daban ne,
Sahunsa na zamewa ko sanyi ya kai iyakarsa.

Sai dai laushi gare shi. A 1906 Wilm a Jamus
Ya gama shi da ɗan jan ƙarfe, ya tsoma a ruwa bayan ya gasa.

Da aka kwana biyu ya tarar ya yi tauri shi kaɗai,
Baƙin sun taru ƙulli-ƙulli, sun datse hanyoyinsa.

Da dangin wannan gamin aka yi tankunan rokar Saturn V,
Da ta kai mutum wata a 1969, ya taka da ƙafarsa.

Faifan sola na kumbo ma silikon ne da aka sa wa baƙi da gangan,
Boron da fosfaras, su ke sa haske ya zama wuta a wayarsa.

Amma can sama akwai ƙwayoyi masu gudu, na rana da na ɗamarar Van Allen mai zagaye duniya,
Su bangaje ɗan sahu, ya bar gurbinsa.

Giɓi a nan, ɗan kutse a can, shekara da shekaru,
Wutar faifan ta yi ta raguwa har ya kasa.

Shi ya sa ake sa masa rigar gilashi,
A kuma yi shi da rara tun kafin tashinsa.

Direban Trotro

Duk na ji, amma Masta, ga tawa:
Sifirin ɗin da ka yi mini ya karye a Konongo jiya.

Da faɗa zan zo, yanzu an ce guntun sahu ne,
To wa zan kama, kai ko kimiyya?

'Yar Tek

Yaya Direba, kowane rami lanƙwasa ɗaya ne,
A hankali tsaga ke tsiro daga tabon tsatsa.

In ka ga layi-layi a bakin karayar,
Gajiya ce, lodin doya ne ya gama da ransa.

Masta na Suame

Barkanku da safiya. Jiya wuta ta ɗauke ban samu na amsa ba.

Direba, kawo motar, rabin kuɗi zan karɓa,
In ka sake yi mata lodin jaki, nemi wani mai gyara.

'Yata, na je wurin mai gashi a ƙofar gareji,
Na sa tabarau, na yi ta juya masara.

Ta farko sahu ya cika, ta biyu ma haka,
Mai gashin ta fara yi mini harara.

A ta ukun na gan shi, layi ya mutu a tsakiya,
Na gefe sun rufe shi kamar an tsara.

Na biya ukun, na ci biyu da kwakwa,
Ɗayar tana rataye a ƙofar maƙera.

Asabar ki zo, ina da wayar jan ƙarfe,
Ki nuna wa yarana, ni zan riƙe zuga-zugi in hura.