Neman shawara: Yaya zan tsara bossa nova a fiyano ba tare da mataimaki ba?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ni makaɗin jaz ne a fiyano, kuma an nemi in riƙa kaɗawa ni kaɗai a wani gidan cin abinci, babu mai ganga, babu mai bes. Waƙoƙin bossa nova, wato kiɗan Brazil mai tushe a samba, na mawallafi Antônio Carlos Jobim su suka fi ɗaure mini kai. Idan hannun hagu ya riƙe bes (sautin ƙasa mai kauri) sai kod (sautukan da ake haɗawa a buga tare) su ɓace, idan na koma kan kod sai kiɗan ya rasa gindi, karin waƙar kuma ya fara tsalle irin na jaz ɗin Amurka. Ta yaya ake raba aiki uku ga hannu biyu?

Wani malamin kiɗa:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tun farko ka sani cewa a kan jita aka haifi wannan kiɗa, don haka wurin João Gilberto, mawaƙi kuma makaɗin jita na Brazil, za ka fara zuwa, musamman "Chega de Saudade" da ya ɗauka a Rio de Janeiro a 1958. Babban yatsansa yana kwaikwayon surdo, babbar gangar samba, yana sauka daidai kan bugu ba gaggawa ba jinkiri, sauran yatsun kuma suna tsinkar kod a tsakanin bugu kamar ƙaramar gangar tamborim, sau da yawa ma suna riga bes shiga sabon kod. 'Yan Brazil a 2/4 suke rubuta shi, wato bugu biyu kacal a kowane awo, alhali littattafan jaz na Amurka sun fi sa shi a 4/4 da bes mai yawan motsi, wanda a ganina yakan yi wa makaɗi ɗaya nauyi.

A fiyano, ka ba ƙaramin yatsan hagu bes, tushen kod da na biyar ɗinsa. Manyan yatsun hannayen biyu su riƙe sauti na uku da na bakwai a tsakiya, ragowar yatsun dama su ɗauki karin waƙa. Misali, daga Dm7 zuwa G7, F tana nan ba ta motsa ba, C ce kawai za ta sauka zuwa B. Ka shigar da B ɗin nan gab da bugun, bes ya iso bayanta a kan lokacinsa. Wannan ɗan saɓanin shi ne lanƙwasar da kake nema.

Wata 'yar'uwa:
Malam, a gafarce ni, ba kowa ke da tafin hannun da zai kai sauti na goma ba (daga bes zuwa sauti na uku a sama, kamar yadda tsarinka ke buƙata), kuma ban ga dalilin da zai sa a kaɗa bes da kod da karin waƙa tare a kowane lokaci ba. Ɗan'uwa, ka saurari fiyanon Jobim da kansa a faifan Getz/Gilberto na 1964, za ka ji sauti ɗai-ɗai yake ajiyewa, yana barin fili. Idan karin waƙa yana tafiya, bes kaɗai ya ishe shi. Idan ya tsaya a kan dogon sauti, a nan kod za su fito su cike gurbin. Sannan ka rage taka feda, matakin ƙafar da ke tsawaita sauti, domin idan kod ya daɗe yana amo tsinkar jitar ta tafi ke nan.

Wani ɗan'uwa:
Game da tsallen da ka ambata, sautukan bossa nova tsayinsu ɗaya ne, ba dogo da gajere kamar na suwin, salon jaz ɗin Amurka, ba. Ka kunna na'urar ƙidayar bugu a hankali, ka kaɗa bes kaɗai kana rera waƙar da baki har ta zauna, kafin hannun dama ya shigo.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Saura abu ɗaya, Malam: kod ɗina na hagu suna fita a dagule, kuma idan na shiga ƙirƙirar kari nan take sai bugun ya kuɓuce mini.

Malamin kiɗa:
Dagulewar daga cunkusa sautuka a ƙasa take. Idan ka sauka ƙasa da C ɗin da ke ƙarƙashin C na tsakiya, kada ka haɗa sautuka makusanta. Tushe da na biyar, ko tushe da na bakwai, sun wadatar, sai ka kai na tara da na sha uku sama inda za su ji iska. 'Yar'uwarmu ta yi gaskiya kan batun tafin hannu, wanda hannunsa bai kai ba ya buga bes tukuna sannan ya ɗora kod. A lokacin ƙirƙira kuwa, ka sauƙaƙa wa hagu aiki har ya zama bes biyu da kod ɗaya, ka gajarta jimlolin dama, kada ka zubo su kamar na bibop, salon jaz mai sauri. Ka nemi kiɗan Eliane Elias da na César Camargo Mariano, makaɗan fiyano 'yan Brazil, ka sa kunne a kan hannunsu na hagu kawai, sannan ka ɗauki naka a waya ka turo mana mu ji inda bugun yake zamewa.