Wanda aka taɓa ɗora shi a injin gudu don gwajin zuciya ya zo ya ba mu labari

Baban Ilham:
Salamu alaikum 'yan uwa. Likita ya rubuta min gwajin nan da ake ɗora mutum a injin tafiya ana ƙara masa gudu ana kallon ECG, wato zanen bugun zuciya da na'ura ke fitarwa, ranar Laraba aka ba ni. Shekarata 48, ina shan maganin hawan jini, kwanan nan in na hau benen ofis sai na tsaya a rabi ina haki. ECG ɗin da aka yi min ina kwance ya fita lafiya, shi ne ya ce sai an ga zuciyar tana cikin aiki. Wallahi gabana faɗuwa yake, dan Allah wanda ya taɓa yi ya gaya min yadda abin yake.

Ɗan Gwale:
Wa alaikumus salam. Na yi bara, ka kwantar da hankalinka. Da farko za su sa ka cire riga, ni sai da aka aske min gashin ƙirji da reza saboda filastar ta kama, suka manna min guda 10 da wayoyi, suka ɗaura abin awon jini a dantse. Injin yana farawa a hankali kamar tafiyar zuwa masallaci amma a ɗan ɗage yake kamar kana hawa tudu, duk minti 3 sai ya ƙara gudu ya ƙara ɗagowa, nas ɗin tana gefenka tana sake auna jini. Matakin farko muna hira ma da ita, na biyu gumi ya fara, na uku kuwa magana ta ƙare, cinyoyina ne suka fara gajiya tun kafin numfashi. Lissafin da suke yi, 220 a cire shekarunka, sai a nemi bugun zuciyarka ya kai kashi 85 cikin 100 na abin da ya rage, kai kenan 172 ne ƙarshenka, 146 za su nema. Ka je da kambas da wando mara nauyi, kar ka je da silifas ko babbar riga.

Ummu Khalil:
Ni abin da ya dame ni tun a gida maganar buɗe jiki ce, sai na faɗa musu tun a wajen karɓar kati, mace ce ta manna min wayoyin a bayan labule sannan na mayar da riga mai faɗi da ƙaramin hijabi na hau. Mata kar kunya ta hana ku tambaya. Kuma sun ce kar na ci abinci mai nauyi awa uku kafin lokacin, kar na sha shayi ko kofi. Da aka gama ba su bar ni na tashi ba sai da suka zaunar da ni mintuna suna kallon yadda bugun ke sauka, likitan ya ce wannan saukar ma wani ɓangare ne na gwajin.

Abu Sadik:
Ka tambayi likitanka maganar maganinka tun yau. Ni atenolol nake sha, na sha abina da safe kamar kullum, na hau na yi ta tafiya har na gaji amma bugun ya ƙi haurawa inda suke so saboda aikin maganin kenan, rage bugu, dole aka sake ba ni wata rana na sake biyan kuɗi. Amma kar ka daina da kanka, shi zai ce ka tsaya ko ka ci gaba. In kana cin goro ma ka gaya musu, abin da ke cikin kofi yana cikinsa.

Koci Mai Usur:
Nawa ya ɗan bambanta, don auna ƙarfin jiki na yi ba don ciwo ba. Takunkumi suka ɗaura min mai bututu yana auna iskar oksijin da jiki ke sha, makogwaro ya bushe ƙamas ga ba damar shan ruwa, sai da hannu kake musu alama. Tsarin minti uku-ukun nan wani likitan zuciya ne Robert Bruce ya fito da shi a Amurka a 1963, matakin farko kilomita 2.7 a awa, na biyu 4, na uku 5.5. Wanda ya gama na uku, minti 9 kenan, jikinsa ya yi aiki kusan ninki 10 na lokacin da yake zaune. Yarana a fili gudun minti 12 da ake kira gwajin Cooper nake sa su in auna nisan da suka ci, amma wannan na masu lafiya ne, mai haki a bene asibiti ne wajensa.

Kawun Yara:
Ɗan uwa abu ɗaya zan roƙe ka, duk abin da ka ji ka faɗa a take. Ni a minti na 5 na ji kamar an ɗora min bulo a ƙirji yana tafiya har haɓata da hannun hagu, na yi shiru ina cije baki don kar a ce na kasa, likitan ne ya kalli sikirin ya ce Alhaji me kake ji, kafin na amsa ya tsayar da injin suka kwantar da ni. Daga nan aka tura ni hoton jijiyoyin zuciya aka ga ɗaya ta tsuke sosai, aka buɗe ta aka sa ɗan ƙarfen nan mai riƙe jijiya a buɗe a ciki. Shekara biyu kenan, kullum bayan asuba ina zagaya unguwa ba ciwo, Alhamdulillahi. Har yanzu in na tuna shirun da na yi jikina sanyi yake.

Maman Twins:
Allah sarki Kawu, Allah ya ƙara lafiya. Hajiyarmu gwiwa ta hana ta hawa injin, sai aka sa mata magani ta jijiya mai sa zuciya gudu tana kwance ana ɗaukar hoton zuciyar.

Baban Ilham:
Na dawo jama'a, na gode ƙwarai. Na yi minti 7 da 'yan daƙiƙu, bugu ya kai 149, ba ciwon ƙirji, ECG bai nuna komai ba, sai dai jinina ya hau fiye da yadda likita yake so. Ya gyara min magani, ya ce tafiyar minti 30 sau biyar a sati, in koma bayan wata uku. Kawu maganarka ce a raina duk tsawon lokacin, da na ji ɗan jiri a ƙarshe nan take na faɗa.