Inji ko Hanya, Wa Ya Riga Zuwa?

Ɗan Dogo: Salamu alaikum. Ga tambaya, amsa-amo "wa":

Ku faɗa mini, masana tarihi,
Inji ko hanya, wa ya riga zuwa?
Masaƙa in ba kwal a tukunya,
Me za ta ci ta yi motsawa?

Baba na Tudun Wada:

Ɗana, hanya ce yayar inji,
Tafi Manchesta ka samo amsawa.
Kwal na Wosli, ga shi kusa,
Amma a bayan doki ake ɗaukowa,
Cikin taɓo, yana ta nishi,
Kan ya iso, kuɗi sun yi hauhawa.
A 1761 aka buɗe hanyar ruwa,
Birindili ne gwanin haƙawa,
Basaraken Birijwata mai ramin kwal,
Daga aljihunsa ake biyawa.
Dokin jiya, ga shi a gaɓa,
Tan 30 a jirgi yake janyowa.
Farashin kwal ya faɗo rabi,
Hayaƙi ya rufe gari da turnuƙewa.

'Yar Funtuwa: Baba, Allah ya ja kwana, an bar na mamaki:

A Baton jirgi ya hau gada,
Kogin Irwel a ƙasa yana wucewa!
A 1830 dogo ya haɗa Libaful
Da Manchesta, auduga na kwararowa,
Ta Amurka, bayi suka tsinko,
Wannan kam ba na ɓoyewa.

Ɗan Dogo:

To mu fa? Dogo ya taso Baro,
A 1911 Kano ya yi isowa.
Ina masaƙun da ya haifa mana?
Yaya, ke nake saurarawa.

'Yar Funtuwa:

Ƙanena, tasu ta kai kaya ga inji,
Tamu bakin teku take nufawa.
Bature auduga ya zo nema,
Masaƙan gida suka fi shi tayawa.
Manomi ya duba inda riba take,
Sai ga dalar gyaɗa na tasowa.

Baba na Tudun Wada: 'Yata, kin yi daidai, amma kar a ci haƙƙin Kaduna.

A 1957 masaƙa ta tashi,
Kakuri ta cika da masu shigowa.
Ni ma na yi aikin dare a can,
Ƙurar auduga a gemu, ana ta tsokanata da tsufa tun ban yi ba, wa.

Ɗan Dogo: Baba, baitin ƙarshen nan ya sauka daga kan dogo!

Baba na Tudun Wada: Tarago ne ya yi nauyi, ɗana. Gyara mini.